Ruhewar Gwaggo

A shekarar da gero ya yi kyau a arewacin Adar har mutane suka rasa inda za su zuba shi, babu wanda ya kira Yaya ya gina masa ruhewa. Ko mutum ɗaya. Ni ina garin Tawa ina koyarwa a lakkwal, labarin ƙauyenmu da ke kusa da Barmu yana iso mini ta bakin masu zuwa cin kasuwa. Su ce gidan wane an gina musu biyu, gidan wane har sun ƙara ta uku. In ce to, Yaya fa? Sai a ce lafiyarsa lau, yana gaishe ki. Wannan amsa tana ƙona mini rai, don na san ma'anarta ita ce yana zaune a gindin itacen bedi yana kallon masu wucewa.

Ginin ruhewa shi ne gadon gidanmu. Rumbun ƙasa ne da ake zaunar da shi bisa duwatsu, mai faɗin ciki da tsukakken wuya kamar tulu, bangonsa bai fi kaurin tafin hannu ba. Ba a gina ta rana ɗaya. Magini yakan murza kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta yi tsawo, ya zagaya da ita ɗori guda, sannan ya cire hannunsa ya bar ta ta sha iska. In ya ɗora sabo bisa ɗanye, bango ya zauna. In ya bari ta bushe ƙayau, sabon ya ƙi kama tsohon. Saboda wannan jira ne Baba yakan karɓi aikin gidaje da yawa a lokaci guda, ya yi ɗori a nan, ya wuce can, ya zagayo. Duk a kansa yake riƙe da su: wadda aka taɓa da safe, wadda ke neman yayyafin ruwa, wadda cikinta ya isa a fara tsuke ta. Yaya ya tashi a bayansa yana miƙa ƙasa, kuma tun yana saurayi Baba yake cewa hannunsa ya fi nasa laushi.

Farfaɗiya ma tun yana saurayi ta same shi. Da fari ba mu san ita ce ba. Da safe sai hannunsa ya fizga, ludayin kunu ya tashi sama, Inna ta yi ta faɗa tana cewa ba shi da natsuwa. Wani lokaci yana tsakiyar magana sai ya tsaya cak, idanunsa su ƙifta, ya dawo ya tambaye ka me kake cewa. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin tabki, jikinsa duka yana kaɗawa, sannan aka kira ciwon da sunansa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha saiwoyi masu ɗaci. An ware masa ƙwarya, don wai yawunsa yana ɗaukar mutum, abin da ba gaskiya ba ne, ni kuwa na ci tuwo da shi a kwano ɗaya har na girma. Da na sami aiki a Tawa na kai shi asibiti aka ɗora shi bisa magani. Faɗuwar ta yi sauƙi ƙwarai, sai a daɗe ba a ji ta ba. Kowa ya ce Yaya ya warke. Ya yi aure, ya haihu, Baba ya rasu ya bar masa aikin.

Bayan rasuwar Baba ne abin ya fito fili, don a da Baba ne ke cewa yau ga inda za mu. Da ya zama shi kaɗai, sai Yaya ya koma gidan da ya yi wa ɗori da safe ya sake ɗora wani kafin azahar, bango ya lotsa. Wani gidan kuma ya manta da shi sarai har ƙasar ta yi tauri. Ya fita da hauya zai haƙo ƙasa, ya gamu da wani da mangalar jakinsa ta tsinke, ya tsaya gyara, daga nan ya bi shi gona, rana ta take bai kawo ko dunƙule ba. Matarsa ta gaya mini in ta aike shi da saƙo uku, na ƙarshen kaɗai ke dawowa. In yana aiki ka yi masa magana, zaren ya tsinke, sai ransa ya ɓaci nan take, alhali Yaya mutum ne da a da sai ka yi da gaske kafin ka ga fushinsa.

Abin da ya kashe masa kasuwa wata babbar ruhewa ce da ya karɓa a gidan wani mai garke. Ya kafa ta da kyau, ya fara buɗa ciki. Ya buɗa, ya buɗa, ya ci gaba da buɗawa. Inda ya kamata ya juya hannu ya fara tsukewa, sai ya wuce bai sani ba. Masu gidan suna gani, amma a wurinmu ba a yi wa magini gyara bisa gininsa. Ruhewar ta koma kamar ƙatuwar kwatarniya, rannan da hantsi ta dare gida biyu ta zube. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙarƙashi. Daga ranar aka sa mata suna kwatarniyar magini, kuma wanda ya fara faɗin sunan taubashinmu ne, ɗan Gwaggo, wanda ya koyi ginin a hannun Baba tare da Yaya. Shi ne aikin garin duka ya koma hannunsa.

Bakin mutane kuwa sai Allah. Masu cewa lalaci ne, masu cewa girman kai ne, masu cewa ƙwayar asibiti ce take bugar da shi. Wata rana a motar da ke zuwa Barmu wata mata, ba ta san ni ƙanwarsa ce ba, ta ce ai wannan magini shaye-shaye yake yi a ɓoye. Wallahi ban san lokacin da na juya ba. Na wanke ta tas, na haɗa da danginta, sai da direba ya tsaya ya ce in ba mu bari ba zai sauke mu a daji. Dole na bari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ba ni da amsar da zan ba ta. In ba lalaci ba ne, to mene ne?

Da lokacin karɓar magani ya zagayo, Yaya ya zo ya kwana a gidana, da safe muka hau kabu-kabu zuwa asibiti. Wannan karon ban bari an miƙo mana takarda mun fito ba. Na zauna na zayyana wa likita komai, har da kwatarniyar. Ya saurara, sannan ya ce wa Yaya su yi wani ɗan wasa: ya faɗi sunan dabba, sai sunan gari, sai dabba, sai gari, haka dai. Yaya ya yi murmushi ya fara. Raƙumi, Barmu. Akuya, Tawa. Jaki, Affala. Doki, tunkiya, saniya, kare, kura. Yana ta jerowa da fara'arsa, bai lura ya bar garuruwa a baya ba. A cikin ɗakin nan na ga yadda ruhewar ta yi ta buɗewa.

Likitan ya ce irin farfaɗiyar Yaya tana taɓa ƙwaƙwalwa duka a lokaci ɗaya, kuma ga wasu masu ita, ko faɗuwar ta lafa, takan bar rauni wajen tsara aiki: riƙe abu biyu ko uku a kai, sanin wanda ke gaba da wanda ke baya, tsayar da hannu in ya ɗauko hanya, da sauyawa daga wani abu zuwa wani. Ya ce hankalinsa yana nan, abin da hannunsa ya iya ma yana nan. Ya ce maganin da yake sha yana iya ƙara masa nauyin kai, za a gwada wani, amma kada ya kuskura ya bar sha. Ya samu barci isasshe, kada ya hau wuri mai bisa, ya riƙa yin aiki ɗaya ɗaya. Da muka fito Yaya ya tambaye ni, cikin tsokanar da ya saba, ko ya ci jarrabawar Malama. Na ce masa ya shiga garke ya ƙi fitowa. Ya yi dariya. Sabon maganin ya rage masa nauyin kai, sauran abin kuwa yana nan yadda yake.

Ana cikin haka Gwaggo ta sa aka kira ni ta wayar salula. Ƙanwar Baba ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tsohuwa mai kaifin harshe da ba ta shakkar kowa. Tsohuwar ruhewarta ta tsage, dammunan geronta suna jibge bisa rumfa, awaki na ja ta ƙasa, tsuntsaye na ci ta sama. Ga ɗanta magini a gida, amma ta tsallake shi ta ce Yaya ne zai gina mata sabuwa, matsakaiciya, wadda zai iya kai wa wuyanta yana tsaye bisa kifaffen turmi. Kowa a garin ya gane abin da take nufi. In wannan ta tsaya, za a sake kiran Yaya. In ta zube, ya gama gini har abada, ita kuma abincinta na shekara yana waje. Ta ce in zo da zarar an ba mu hutu, tana da aiki da ni.

Na isa da shirina. Na ce mata abu mai sauƙi ne, mu zaunar da shi mu gaya masa abin da likita ya ce, kullum in tsaya kusa in ce masa yanzu ɗora, yanzu bari. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce lakkwal ta cinye mini hankali. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mace ta tsaya bisa kan magini tana ce masa ƙasarka ba ta bushe ba, kuma in na yi masa haka a gaban mutane gara in kwaɗa masa mari. Ko ruhewar ta tsaya, za a ce ta Malama ce. Na ji haushi, amma na san gaskiya ta faɗa.

Dabararta ita ce ƙasa. Ta riga ta sa an haƙo mai yawa, an kwaɓa da busasshiyar ciyawa, an tattake, an jibge ta bayan dangar awaki an rufe da tsofaffin tabarmi masu laima. Kullum da safe ni da matar Yaya mu ɗebo daidai ta ɗori ɗaya mu ajiye masa a gindin aikin. In ta ƙare, ta ƙare. In ya nemi ƙari, Gwaggo ta ce ruwan tabki ya ja baya, jakin ɗaukar ruwa kuma ya gurgunce, sai gobe. Ba wanda ya ce masa tsaya, ƙasa ce ba ta kai ba.

Abin ya yi aiki, har na fara jin kunyar gardamar da na yi. Ya jera duwatsun gindi, ya shimfiɗa ƙasan, ya fara tashi. Na daɗe ban zauna na kalli Yaya yana gini ba. In ya ɗauki ƙasa ya murza ta tsakanin tafukansa, ya kwantar bisa bango, babban yatsa a ciki sauran a waje, yana tafiya da baya yana latsawa, sai ka rantse ba mai ciwon komai ba ne. Bangon yana fitowa sumul, kauri ɗaya ko'ina. Ba ya magana, mu ma Gwaggo ta hana kowa yi masa magana, ko sallama aka yi ita ke amsawa ta ja baƙon gefe. In ƙasa ta ƙare ya ɗan yi tsaki, ya wanke hannu, ya zauna ta ba shi fura. Tsofaffi suka fara biyowa ta ƙofar gidan suna leƙe.

Sai wata safiya Yaya ya zo idanunsa jawur. Ƙaramar ɗiyarsa ta kwana da zazzaɓi, bai runtsa ba. Ina ganin yadda kafaɗarsa ke fizga na ce wa Gwaggo a bar aikin yau, ta ce in aka hana shi zai tambayi dalili. Ya yi ɗorinsa lafiya har ya haɗe zagayen. Yana tsaye yana share hannu sai ya ɗauke, idanun suka ƙifta, ɗan lokaci kaɗan. Da ya dawo ya dubi gindin ruhewar ya ce ina ƙasar yau, rana tana yi bai fara ba. Gwaggo ta ce ai ya gama, ƙasa ta ƙare. Ya ce bai gama komai ba. Ga ɗorin ɗanye shar a gabansa, yana sheƙi, amma kansa ya riga ya ɗauko hanyar farawa, ba mai juyo da shi.

Ya ɗauki hauya ya fara sarar busasshiyar ƙasar tsakar gida. Ya kinkimo tulun ruwan shan Gwaggo ya tuttule a kai, ya shiga cakuɗawa da hannu. Ƙasa ce mai yashi, ko kaskon kaji ba za ta yi ba, kuma in ta hau bisa ɗanyen bango aikin duka ya tashi a banza. Gwaggo ta miƙe da sandarta ta tsaya tsakaninsa da ruhewar. Ya ce ta kauce. Ta ƙi. Sai ya daka mata tsawa, ya ce mata tsohuwar banza mai hana mutane neman abinci. Yaya, wanda ko inuwar Gwaggo ba ya takawa. Na zabura zan shiga, bakina cike da magana, ta ɗaga mini hannu. Sai kawai ta saki sandar ta dafe kai, ta ce jiri take ji, ya kama ta. Ya saki ƙasar ya tallabe ta ya kai ta inuwa, ta ce ya yi mata fifita, ta ce ya kira mata maƙwabciya, ta ce ya duba ko akuyar nan ta kwance. Kafin ya gama waɗannan, maganar ɗori ta fita daga kansa.

Da la'asar ya dawo. Matarsa ta gaya masa abin da ya faɗa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Gwaggo, babban mutum mai ƴaƴa, kansa a ƙasa, ya kasa haɗa kalmomin ban haƙuri. Ta ce ya tashi, ita ba ta ji komai ba, kunnenta ya daɗe da mutuwa. Ni na zagaya bayan danga na zauna kusa da tulin ƙasar da muke ɓoyewa na yi kuka. Baƙin ciki nake ji da fushi, kuma na rasa wanda zan yi wa fushin.

Tsoron da ya fi wannan yana gaba. Ciki yana ta buɗewa, kuma dabarar ƙasa ba ta da amfani a nan, don ko ɗori ɗaya yake yi a rana, in bai juya hannu ba kwatarniya za a sake yi. Ni ban san inda ake juyawa ba. Gwaggo ta ce ita ta ga ruhewa fiye da gashin kanta, amma sanin wannan gaɓar sai magini, kuma in an wuce ta da ɗori biyu ba gyara. Magini kuwa a garin, in ba Yaya ba, sai ɗanta. Ta ce ita ba za ta roƙe shi ba, tun da ta tsallake shi ko gaisuwar kirki ba ya yi mata. Ni ce zan je.

Na tafi ina cizon haƙora. A lokacin ba wanda na tsana kamar taubashin nan, shi ya kwashe aikin, shi ya raɗa sunan kwatarniya. Na same shi a wani gida bisa tsani. Na shirya zai yi mini dariya in zazzage masa, sai ya sauko ya wanke hannu ya saurare ni har na gama. Ya ce ba sai na faɗa ba, kullum da yamma yana bi ta bayan dangar tsohuwarsa yana dubawa. Ya ce gobe ba komai, jibi ne ya kamata a juya hannu. Ya ƙara da cewa shi bai taɓa iya fitar da bango siriri haka ba, kuma in na gaya wa wani ya faɗi haka zai ƙaryata ni.

A garin duka shi kaɗai ne zai iya yi wa Yaya magana bisa gini ba a ce raini ba ne, don tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a fushi da wasa. Jibin da safe, Yaya ya murza ƙasa zai kwantar, sai ga taubashin ya shigo yana tafe yana taunar goro, ya zagaya ruhewar yana kaɗa kai.

"Kai maginin sarakuna," in ji shi, "cikin ga ya kai wata tara. Ka tsuke mata wuya haka nan, ko sai ta haihu bisa kanmu?"

Yaya ya tsaya da ƙasa a hannu. Ya ja da baya, ya dubi ginin, ya miƙa hannu ya gwada faɗinsa da ƙirjinsa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Sai ya ce wa taubashin ya matsa, warin bakinsa zai tsaga masa bango, kuma wanda ruhewarsa ke kama da kan jaki ba shi da bakin magana a nan. Aka yi dariya. Ya kwantar da ɗorin, babban yatsansa ya karkato ciki. Daga ranar kullum da safe taubashin sai ya biyo, wai ya zo gaida tsohuwa, ya yi zaginsa ya saka abin da ya kamata a ciki ya wuce.

Ruhewar ta ƙare. Aka bar ta ta bushe, aka ɗora mata hular ciyawa. Ranar zuba gero mata suka yi layi suna miƙa dammuna, wani daga cikin samarin gidan yana ciki yana jerawa. Tsofaffin da ke leƙe suka shigo sosai, wani ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar sabuwar tukunya. Suka ce tun bayan Baba ba su ga irinta ba. Gwaggo tana zaune bisa tabarma tana ta yi wa mutane faɗa, alamar tana cikin farin ciki ke nan. Ni kuwa ji nake kamar in yi guɗa.

A cikin masu kallo akwai wani baƙo daga Affala, dattijo mai gonaki da yawa, ya zo ganin dangi. Ya zagaya ruhewar ya sake zagayawa, sannan ya tambayi wanda ya gina. Aka nuna masa Yaya. A gaban kowa ya ce yana son irinta guda biyu a gidansa, kuma in sun yi kyau ƴan'uwansa ma suna so. Abin da muka yi ta wahala dominsa ke nan, ga shi ya zo har gida. Na dubi Gwaggo, ta dube ni.

Yaya ya yi godiya. Sannan ya nuna taubashinmu da ke tsaye gefe, ya ce wa baƙon ya yi magana da wancan, shi ne mai karɓar aiki, in sun shirya shi zai biyo shi.

Na daure har mutane suka watse, na bi shi hanyar gidansa, na tare shi a bakin wata gona da aka girbe. Ban rage masa komai ba. Na ce wace irin wauta ce wannan, an kawo masa sunansa a hannu ya miƙa wa wanda ya yi masa dariya? Na ce ya san irin abin da tsohuwar nan ta sa a kasada saboda shi? Ya bar ni na yi ta yi har na gaji.

"Malama," ya ce, "ni magini ne. Na san warin ƙasar da ta kwana ɗaya, na san na wadda ta daɗe a ruhe. Jakin da kunka ce ya gurgunce kuwa kullum ina gamuwa da shi shina kiwo."

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun farkon aikin, ban da ranar da kansa ya ɗauke. Ya ce ya yi shiru ne don ya ga abin yana taimakonsa, kuma wasan taubashi ma ya san ba wasa ba ne. Na ce to ai shi ke nan, an gano hanya, sai a riƙa yin haka. Na ce zan nemi hutu, matarsa za ta iya bin sa, za mu san yadda za mu yi.

"Mutum ukku kunka riƙa mani kai kahin in gina guda," ya ce. "Ke kina da lakkwal. Gwaggo ta tsuhwa. Wa za ya bi ni Affala shi ɓoye mani ƙasa?"

Ya faɗe ta ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani. Sannan ya ce in gaida yaran gidana, ya wuce.

Sun yi aikin Affala, sun yi wasu bayansa. Taubashin ne ke karɓar aiki, shi ke riƙe da zagayen gidaje, shi ke hawa sama in gini ya yi bisa, kuma ban taɓa jin ya ci hakkin Yaya ba. Da safe yakan ɗauke shi a bayan babur su tafi. Gidan Yaya ba su rasa abinci, matarsa ta ce ya fi samun barci, faɗan ma ya ragu. Kowa yana ce mini in gode wa Allah, ina kuwa godewa, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Bara na biya ta Affala wajen wata ta'aziyya, aka ce suna aiki a wani gida kusa, na leƙa. Na tarar da Yaya tsaye a gindin ruhewa, gemunsa ya fara fari, ya murza ƙasa ta yi tsawo tana reto a hannunsa, yana kallon fuskar taubashin yana jira a ce masa ɗora. Bai gan ni ba. Maigidan ya zo ya tsaya kusa da ni, bai san ko ni wace ce ba, yana yaba aikin. Ya ce duk ƙasar nan ba magini kamar wancan, ya nuna taubashinmu. Ya ce shi in zai kira shi kullum yakan ce masa ya zo da yaron nan nasa, don yaron yana da hannu.